Misora Hibari: 'Yar Mai Kifi Da Ta Zama Sarauniyar Waƙar Japan

Misora Hibari ita ce mawaƙiyar da ta fi kowa tashe a ƙasar Japan tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa rasuwarta a 1989. A cikin shekara 40 da 'yan kai da ta yi tana hawa dandamali, ta naɗi waƙoƙi kusan 1,500, waɗanda sama da 500 daga cikinsu dominta aka tsara su, ta kuma fito a finafinai fiye da 150. Yau idan aka ambaci sunanta a Japan, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne enka, salon waƙar bege da kewar gida da rabuwar masoya, wanda ake ɗauka a matsayin muryar gargajiyar ƙasar. Amma wannan laƙabi ya yi wa rayuwarta kaɗan. Da kiɗan rawar Amurkawa ta fara neman abinci, kuma ta daɗe tana shan kallon hadarin kaji daga marubuta da masana da gidan rediyon ƙasa. Leburorin tashar jiragen ruwa da 'yan tireda da matan aure da 'yan matan masaƙa ne suka ɗaga ta. Manya sai daga baya suka bi sahu.

An haife ta ranar 29 ga Mayu, 1937, a unguwar Isogo ta Yokohama, babban birnin tashar jiragen ruwa da ke kudu da Tokyo. Sunanta na asali Kato Kazue. Mahaifinta, Masukichi, kifi yake sayarwa, mutum ne kuma mai son kiɗa, don haka gidan ba ya rabo da faya-fayan garmaho. Mahaifiyarta, Kimie, ita ce ta zama jagorarta kuma mai kula da harkokinta har ƙarshen ranta. Jaririyar ba ta yi wata biyu a duniya ba Japan ta tsunduma cikin yaƙi gadan-gadan da ƙasar Sin, saboda haka da yaƙi ta buɗe ido. A 1943 aka ɗauki mahaifin aikin soja. A taron ban kwana da aka shirya masa, yarinyar mai shekara 6 ta miƙe ta rera wata waƙar zamanin yaƙi, manya suka yi ta share hawaye. Tun daga ranar uwar ta gane baiwar da ke tare da 'yarta, ta shiga kai ta wuraren sallamar sojoji da masana'antun makamai tana yi wa jama'a waƙa. Ranar da ta cika shekara 8, wato 29 ga Mayu, 1945, ɗaruruwan jiragen B-29 na Amurka suka yi wa Yokohama ruwan bama-baman gobara da safe, suka ƙone babban ɓangare na birnin, dubban mutane suka rasa rayukansu. Iyalin sun tsira.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, sojojin Amurka suka shigo suka karɓi ragamar ƙasa, kuma Yokohama na cikin biranen da suka fi cika da su. Yunwa ta yi katutu. Shinkafa sai a kasuwar bayan fage, marayu kuwa suna kwana a tashoshin jirgin ƙasa, da rana su yi gugar takalma ko bara. Ƙidayar da gwamnati ta yi a 1948 ta sami marayu sama da 120,000. A cikin wannan hali Kimie ta tara makaɗan unguwa da kuɗin aljihunta ta kafa ƙaramar ƙungiya, Kazue na waƙa a gaba. A 1946 aka kai yarinyar gasar masu sha'awar waƙa ta NHK, gidan rediyon ƙasa, inda alƙalai ke kaɗa ƙararrawa su nuna wanda ya yi abin kirki. Ba su kaɗa mata ba. Hujjarsu ita ce yarinya 'yar shekara 9 ba ta da hurumin rera waƙar manya da salon manya, abin ya saɓa wa tarbiyya. A wurin malamai da masanan lokacin, yaro waƙar makaranta ya kamata ya yi, da siririyar murya mai tsabta. Ita kuwa ta zo da murya mai nauyi, tana juya ta kamar macen da ta sha gwagwarmayar duniya.

Da ƙofar rediyo ta rufe, sai aka koma yawon gari-gari tare da wata tawagar masu wasa, ita ke buɗe fage kafin manya su fito. A watan Afrilu na 1947, a cikin duwatsun lardin Kochi da ke tsibirin Shikoku, motar safar da ke ɗauke da su ta yi karo da wata babbar mota, ta kife ta nufi kwazazzabo. Wata bishiya ce ta tare ta, ta hana ta gangarawa cikin kogi. Yarinyar ta ji mummunan rauni har aka fid da rai da ita. Da ta sami sauƙi, kafin su bar yankin, ta je gindin wata tsohuwar bishiya da mutanen wurin ke girmamawa, wadda ake ƙiyasta shekarunta da 3,000, ta yi fatan zama mawaƙiyar da ta fi kowa a Japan. Masoyanta na ziyartar wurin har gobe. Mahaifin, wanda ya riga ya dawo daga soja, ya so a haƙura da sana'ar haka nan. Uwa da 'ya suka ƙi.

A 1948 ta haɗu da mutum biyu da suka buɗe mata hanya. Na farko shi ne Kawada Haruhisa, mawaƙin barkwanci mai kaɗa jita, wanda ya ɗauke ta cikin tawagarsa ya nuna mata yadda ake riƙe taro. Ta ci gaba da ambatonsa a matsayin malaminta har bayan rasuwarsa a 1957. Na biyu shi ne Taoka Kazuo na birnin Kobe, wanda batunsa zai zo. A wannan tsakanin ne ta ɗauki sunan Misora Hibari. Abin da ya fara fito da ita shi ne kwaikwayon Kasagi Shizuko, tauraruwar bugi-wugi, kiɗan rawa mai zafi daga Amurka wanda ya zama ruwan dare bayan yaƙi. Kamfanin Nippon Columbia ya naɗi faifanta na farko a 1949, shi ma bugi-wugi ne. A shekarar kuma ta fito a fim ɗin Kanashiki Kuchibue, wato fito mai ban tausayi, a matsayin marainiyar yaƙi da ke neman wanta, wanda daga ƙarshe wata waƙa da ya tsara ta sada su. Faifan waƙar ya sayu har kusan 450,000, adadin da ba a saba gani ba a ƙasar da mutane ke fama da abin sawa a baka. Hotonta na wannan fim, yarinya 'yar shekara 12 cikin baƙar kwat mai jela da doguwar hular Turawa da sanda a hannu, yana cikin hotunan da Japanawa suka fi tunawa da su na zamanin mamaya. A 1950 ta sake fitowa a matsayin yarinyar titi a fim ɗin Tokyo Kid.

Nasarar ba ta kashe bakin masu suka ba, sai ma ta ƙara musu kaifi. Marubucin waƙoƙi Sato Hachiro ya rubuta a jarida a 1950 yana kwatanta ta da dodo, wasu kuma suka yi ta kiran a hana yara irin wannan sana'a. Maganar ta yi muni a kan yarinyar da ba ta kai shekara 13 ba, amma ta nuna inda gizo ke saƙa. Masu sukar suna ganin a jikinta abin kunyar ƙasar da ta sha kaye: yara sun girma ba lokaci ba, suna aikin manya, suna kwaikwayon baƙin da suka ci su da yaƙi. Talakawa su ma abin da suke gani ke nan, sai dai su 'ya'yansu suke gani, waɗanda yaƙi ya ƙwace wa ƙuruciya amma suka ƙi durƙusawa. Wannan saɓanin fahimta ya bi ta har girmanta. A shekarar ta 1950 ta je Hawai da gaɓar yammacin Amurka tare da Kawada, bisa gayyatar tsofaffin sojojin Amurka 'yan asalin Japan. Kafin tafiyar, Hattori Ryoichi, mai tsara wa Kasagi kiɗa, ya hana ta rera waƙoƙinsa a can, domin ita ma Kasagi tana shirin zuwa. Hanin ya yi mata rana ta wata fuskar, domin ya tura ta ga tsayawa da waƙoƙinta na kanta.

A watan Afrilu na 1952, watan da mulkin mamayar Amurka ya ƙare, ta yi wasa ita kaɗai a Kabuki-za, babban gidan wasan gargajiya na Tokyo, dandamalin da mawaƙiyar zamani ba ta taɓa riƙewa ba. A daidai lokacin ta fito da Ringo Oiwake, wadda Yoneyama Masao ya tsara wa kiɗa don wani wasan kwaikwayo na rediyo. Waƙar na magana ne a kan yarinyar gonakin tuffa na yankin Tsugaru, can arewacin ƙasar, mai kewar uwarta da ta rasu, an kuma gina ta a kan salon waƙoƙin masu jan dawakin kaya na da. A nan aka fara jin cikakkiyar gwanintarta. Takan ja gaɓa guda ta yi ta lanƙwasa ta, ta haura daga muryar ƙirji zuwa siririyar muryar sama ba tare da mai sauraro ya ji inda ta sauya ba, sannan a tsakiya ta dakata da waƙa ta yi magana da karin harshen mutanen yankin. An sayar da kusan 700,000. Karin waƙar ya yi tafiya mai nisa, har makaɗan Skatalites na Jamaika suka juya shi zuwa kiɗansu na ska.

Sauran shekarun 1950 na silima ne. A 1955 aka haɗa ta da Eri Chiemi da Yukimura Izumi, sa'o'inta biyu masu rera waƙoƙin Amurka, a wani fim na 'yan mata uku da ya ja kasuwa sosai. Daga 1958 ta koma kamfanin Toei, inda ta yi finafinan zamanin samurai bila adadin, sau da yawa cikin shigar maza da takobi a hannu, abin da 'yan mata masu kallo suka fi so. Son da ake mata ya kai ga haɗari. Ranar 13 ga Janairu, 1957, a gidan wasa na Kokusai da ke Asakusa a Tokyo, wata budurwa 'yar shekara 19, masoyiyarta ce kuwa, ta watsa mata ruwan asid. Ta ƙone a fuska da jiki, amma ta warke ba tare da tabon da zai hana ta aiki ba, ta koma dandamali cikin 'yan makonni.

Ba za a fahimci sana'ar waƙa a Japan ta wancan zamani ba sai an san wa ke riƙe da fage. Kuɗin mawaƙi a yawon gari-gari yake, shirya wasa a garuruwa kuwa, daga hayar zaure zuwa sayar da tikiti da tsare ƙofa, galibi yana hannun yakuza, ƙungiyoyin 'yan daba masu tsari da shugabanci. Taoka Kazuo shi ne shugaba na uku na Yamaguchi-gumi, wadda a ƙarƙashinsa ta zama mafi girma a cikinsu, yana kuma da kamfanin shirya wasanni mai suna Kobe Geinosha. Tun tana ƙarama ya ɗauke ta kamar 'ya, ya zama mata abin da ubangida yake ga makaɗi: shi ke share mata hanya, shi ke kare ta, da sunansa ake jin tsoron taɓa ta. Ba ita kaɗai ke cikin wannan inuwa ba, manyan mawaƙa da yawa sun shiga. Bambancinta shi ne ba ta taɓa ɓoye alaƙar ba, ba ta kuma juya masa baya ba ko bayan da 'yan sanda suka fara yaƙi da shugabannin yakuza a 1964. A 1962 ta auri ɗan fim Kobayashi Akira, auren bai wuce shekara biyu ba, kuma a taron 'yan jarida na sanar da rabuwar Taoka ne ya zauna a matsayin uba, domin mahaifinta ya rasu a 1963. Ba ta sake aure ba. Ta koma ga uwarta, wadda shaƙuwarsu ta sa 'yan jarida ke kiransu tagwaye.

A wannan lokacin ne sunanta ya haɗu da enka. Asalin masu wannan suna 'yan gwagwarmayar neman 'yanci ne na shekarun 1880, waɗanda gwamnati ta takura wa jawabin siyasa, sai suka mayar da jawabin waƙa suna rerawa a titi suna sayar da takardun baitocin. Enkar da aka sani yau kusan suna kawai ta gada daga gare su. Waƙoƙin da Hibari ta tashi a cikinsu waƙoƙin yayi ne na kamfanonin faifai, masu gauraya kiɗan Turawa da karin gida. Sai a shekarun 1960, da matasa suka karkata ga jitar lantarki, musamman bayan zuwan Beatles Tokyo a 1966, aka ware tsohon salon aka ba shi suna da matsayin gargajiya. Masanin kiɗa Wajima Yusuke ya yi bayanin wannan dalla-dalla a littafin da ya fitar a 2010. Salon yana da alamominsa: karin da aka gina a kan sauti biyar, an cire na huɗu da na bakwai daga bakwai ɗin kiɗan Turawa, karya murya a kan gaɓa guda, abin da suke kira kobushi, mawaƙiya cikin kimono, baitoci a kan tashar jirgin ruwa da giya da ruwan sama da garin haihuwa. Masu sauraronsa kuwa miliyoyin mutanen karkara ne da bunƙasar masana'antu ta kwaso zuwa birane, ciki har da yaran da ake cika jirgin ƙasa da su daga arewa da zarar sun gama ƙaramar sakandare, a sauke su a tashar Ueno ta Tokyo a rarraba wa masana'antu da shaguna.

Waƙoƙi biyu ne suka naɗa ta sarautar wannan salo, dukansu kuma Koga Masao ne ya tsara musu kiɗa. Ta farko, Yawara, ta fito a ƙarshen 1964 don wani wasan talabijin a kan kokawar judo, a shekarar da Tokyo ta karɓi gasar Olamfik kuma aka fara saka judo a cikinta. Da muryar namiji mai dakiya ta rera ta, aka sayar da kusan miliyan 1.8, ta kuma ci babbar lambar faya-fayan Japan ta 1965. Ta biyu, Kanashii Sake ta 1966, kishiyar ta farko ce: mace ce zaune ita kaɗai a mashaya tana sha don ta manta wanda ya tafi, shan kuwa sai ƙara tuna mata shi yake yi. Waƙa ce mai tafiyar hawainiya, jita ke jan ta. Hotunan wasanninta sun nuna yadda take yin ta. Takan tsaya cik ba motsi, ta sauke murya har kusan raɗa, idan ta kai wurin da ake dakatawa a yi magana sai idanunta su cika, hawaye su gangaro kan kumatu a gaban na'urar ɗaukar hoto. Ba ta sharewa, muryar kuma ba ta rawa, ba ta kauce wa kari ko da ƙiris. Haka take yi kusan duk lokacin da ta rera ta. Masu koyi da ita sun iya kukan, amma riƙe murya a cikin kukan ya gagari yawancinsu.

Duk da haka ba ta yarda a ɗaure ta a turke ɗaya ba. A 1965 ta naɗi faifan jaz na tunawa da Nat King Cole, tana rera wasu waƙoƙin da Ingilishi. A 1967 ta sa gajeren siket ta fito da Makkana Taiyo tare da ƙungiyar samari ta Blue Comets, waƙar ta yi kasuwa ƙwarai. Daga 1964 ta riƙa kama gidan wasa na Shinjuku Koma na wata guda cur, rabin farko wasan kwaikwayo, rabi na biyu waƙa, tsarin da mawaƙan enka suka bi bayanta. A 1970 ta je Brazil ta yi wa zuriyar Japanawan da suka yi ƙaura can wasa.

Ma'aunin girman mawaƙi a Japan shi ne Kohaku, gasar daren ƙarshen shekara ta NHK tsakanin tawagar mata da ta maza, wadda a 1963 sama da kashi 80 cikin 100 na masu talabijin suka kalla. Hibari ta fito a cikinta sau 17 zuwa 1972, sau 13 ita ce ta rufe wa tawagar mata. Sai 1973 ta zo. Ƙanenta Kato Tetsuya, wanda ke fitowa tare da ita a wasanni, an sha kama shi da laifuffukan caca da makami, aka kuma bayyana alaƙarsa da yakuza. Hukumomin garuruwa suka fara hana ta zaurukansu muddin yana cikin tawaga, jaridu suka yi mata ca. An nuna mata mafita mai sauƙi, wato ta cire shi. Ita da uwarta suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A ƙarshen shekarar ba ta cikin Kohaku, ko da yake an sanar da abin kamar ita ce ta janye. Laifin ƙanen na gaske ne, kuma hukumomin suna da hujjar raba zaurukan jama'a da 'yan daba. Amma masana'antar da ta yi shekaru tana cin moriyar wannan tsari ta bar mace ɗaya ta ɗauki kunyarsa. Ba ta sake shiga gasar a matsayin 'yar takara ba. Sau ɗaya ta amsa gayyata ta musamman, a 1979, lokacin da shirin ya cika karo na 30.

A tsakiyar wannan ƙunci aka gayyace ta bikin waƙoƙin zaman lafiya na farko a Hiroshima, a watan Agusta na 1974. Ta rera sabuwar waƙa, Ippon no Enpitsu, wato fensir guda, wadda Matsuyama Zenzo ya rubuta, Sato Masaru ya sa wa kiɗa, mai ƙin yaƙi da tunawa da safiyar da bam ɗin nukiliya ya faɗa. Faifan bai yi kasuwa ba, amma ta sanya waƙar cikin waɗanda ta fi so, ta kuma koma bikin a 1988 ta sake rera ta tana fama da ciwo.

Shekarun 1980 sun zo mata da rashe-rashe a jere. A watan Yuli na 1981 Taoka ya rasu, ba a yi mako guda ba mahaifiyarta ta bi shi. Ƙawarta Eri Chiemi ta rasu a 1982, Tetsuya a 1983, ƙaramin ƙanenta Takehiko a 1986, su biyun kowanne yana da shekara 42. Ɗan Tetsuya da ta ɗauka riƙo ne ya rage tare da ita a gida. Shan giya da taba ya ƙaru, jiki ya fara ba da kai. A watan Afrilu na 1987, tana yawon wasa, aka kwantar da ita a asibiti a Fukuoka da ciwon hanta mai tsanani da lalacewar kan ƙashin cinya, wanda jini ya daina kai wa. Ta yi sama da wata uku a kwance, mutane da yawa suka ɗauka ta gama waƙa. A watan Oktoba ta shiga ɗakin naɗi ta yi Midaregami, wadda Funamura Toru ya tsara da hawa mai wuyar kai wa, ta kuma yi ta tare da makaɗa gaba ɗaya a lokaci guda, kamar yadda ake yi a da.

Ranar 11 ga Afrilu, 1988, ta yi wasan da aka fi tunawa da shi, a Tokyo Dome, katafaren filin wasa mai rufi da aka buɗe wata guda kafin nan. Mutum 50,000 suka cika shi. A bayan dandamali an ajiye mata gado da tukunyar iskar oksijin, likita na tsaye, domin tsayuwa kanta azaba ce gare ta. Ta fito cikin shiga mai fuka-fukai, ta rera waƙa 39. Wadda ta rufe da ita, Jinsei Ichiro, ƙanenta Tetsuya ne ya tsara mata kiɗa, mutumin da aka ce ta yar shekara 15 da suka wuce. Da ta gama, ta taka wata doguwar hanya mai tsawon kusan mita 100 da aka shimfiɗa ta tsakiyar jama'a, a hankali, tana murmushi tana ɗaga hannu. Tana kai ƙarshe, inda idon 'yan kallo ba ya kai wa, ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, masu jiranta suka tare ta.

Waƙarta ta ƙarshe, Kawa no Nagare no Yo ni, mai kwatanta rayuwa da gudun kogi, wani matashi ne ya rubuta ta, Akimoto Yasushi, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta AKB48, Mitake Akira kuma ya sa kiɗa. Masu shirya faifan wata waƙar suka so a fitar a gaba, ita ta dage sai wannan. Ta fito ranar 11 ga Janairu, 1989, kwana huɗu bayan rasuwar Sarki Hirohito, wadda ta rufe zamanin Showa da ya faro tun 1926. Ranar 7 ga Fabrairu ta yi wasanta na ƙarshe a Kitakyushu. Aka soke wanda ta shirya yi a watan Afrilu a garinsu Yokohama. Ta rasu a asibiti a Tokyo ranar 24 ga Yuni, 1989, da ciwon huhu, tana da shekara 52. Sama da mutum 40,000 suka halarci taron ban kwana da aka yi mata a Aoyama. Da yake a cikin watannin nan ne mai zanen labarai Tezuka Osamu da attajirin masana'antu Matsushita Konosuke su ma suka rasu, Japanawa suka riƙa cewa zamanin ne ke tattara mutanensa.

A watan Yuli na shekarar gwamnati ta ba ta Lambar Girmamawa ta Al'umma, ita ce mace ta farko da ta samu. A 1997 NHK ta nemi ra'ayin jama'a kan waƙar da ta fi ratsa zukatansu, waƙarta ta ƙarshe ta zo ta ɗaya. Enka kanta kasuwarta ta ja baya tun daga lokacin, ta koma abin dattawa da ɗakunan karaoke, amma waƙoƙin Hibari sun tsallake wannan shinge, mawaƙan zamani na ci gaba da sake rera su. A 2019, shekara 30 da rasuwarta, NHK da kamfanin Yamaha suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira suka kwaikwayi muryarta daga tsofaffin faya-fayai, aka sa ta rera sabuwar waƙa da Akimoto ya rubuta, har da 'yar magana ga masu sauraro, aka kuma nuna siffarta ta kwamfuta a Kohaku ta wannan shekara. Wasu tsofaffin masoyanta sun yi kuka don murna. Wasu kuma sun ga bai dace a sa wa mamaciya kalmomin da ba ta faɗa ba a baki, balle mawaƙiyar da aka sani da tsayawa kai da fata kan abin da za ta rera, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Mawaƙi Yamashita Tatsuro, da aka tambaye shi ra'ayinsa a shirinsa na rediyo a watan Janairu na 2020, ya kira aikin cin mutuncin marigayiyar.